Mazubi da Ma'auni a Tarihin Zubin Harsashin Dalma

Kalmar "harsashi" baƙuwa ce a Hausa. An aro ta daga Larabci, inda ake cewa arrasas, ma'anarta ta asali kuwa ita ce dalma, watau ƙarfen nan mai nauyi da taushi da wasu ke kira darma. Haka ita ma "bindiga" daga bunduƙiyya ta fito, tushenta kuwa bunduƙ, sunan wani ɗan itace mai ɓawo wanda Larabawa suka laƙaba wa 'yan ƙwallayen da ake harbawa. Kalmomin nan biyu sun adana siffar harsashi na farko, watau ɗan curin dalma kewayayye. Abin da ya rage shi ne girman curin, wannan kuwa shi ya wahalar da maƙera da mayaƙa da maharban Turai da Amurka har tsawon ƙarni huɗu. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kayan aiki biyu da aka ƙago saboda wannan matsala: mazubin da ake kwarara narkakkiyar dalma a ciki, da zoben matsi da ake tura harsashi ta cikinsa bayan ya huce domin ya dace da bututun bindiga. Za a ga cewa mai zubi a gida bai taɓa samun damar zaɓen mazubi yadda ya ga dama ba. Bututun bindigarsa ne ke yi masa zaɓin.

Dalilin da ya sa dalma ta zama ƙarfen harsashi a bayyane yake. Tana narkewa a zafin digiri 327, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Ke nan wutar murhu da ɗan kasko sun isa, ba sai an je maƙera an kafa zuga-zugi ba. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 11 da 'yan kai, na baƙin ƙarfe kuwa bai kai sau 8 ba, saboda haka ƙaramin curinta yakan yi nisa kafin iska ta karya masa lago. Mutanen Girka da na Rum sun san da haka tun kafin a san albarushi, domin sukan zuba dalma su yi ƙwallayen majajjawa. A kufan birnin Olynthus, wanda Sarki Filibus na Makidoniya ya ci da yaƙi a shekara ta 348 kafin haihuwar Annabi Isa, an tono ɗaruruwan irinsu, wasu ɗauke da sunan sarkin, wanda aka sassaƙa a jikin mazubi tun kafin zubi. Ashe mazubi ya girmi bindiga nesa ba kusa ba.

Zamanin bututu mai sumul

Bindigogin farko cikin bututunsu sumul yake, ba tsaga ko ɗaya. Ba da inci ake faɗar faɗinsa ba, sai da yawan ƙwallayen da za su fita daga laba ɗaya ta dalma. Bindiga mai lamba 12, alal misali, ita ce wadda ƙwallo 12 masu cika bakinta za su yi laba guda. Wannan lissafi na mai zubi ne, kuma har yanzu da shi ake kiran bindigogin harbin tsuntsu.

A wannan zamani da gangan ake zuba ƙwallo ƙarami. Babbar bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18, wadda suke yi wa laƙabi da Brown Bess, faɗin bututunta kashi 75 ne cikin 100 na inci, ƙwallonta kuwa kimanin kashi 69. Albarushin wancan lokaci yana barin dauɗa mai kauri a bututu, idan ƙwallo ya cika cif to bayan 'yan harbi kaɗan ba zai ƙara shiga ba. Ladan wannan rata shi ne saurin ɗuri, harbi uku a minti guda. La'adarta kuwa ita ce ƙwallon yakan fita yana bugun bango, har ya zamana da wuya a sami mutum guda da aka auna daga nisan yadi 100. Hafsoshi ba su damu ba, tun da sahu-sahu ake jera sojoji su saki wuta lokaci ɗaya.

Tun da ba a bukatar awo mai tsanani, kowa ma yana iya zubi. Mazubin da aka fi sani na baƙin ƙarfe ne mai siffar awartaki, da rami rabi a kowane muƙamuƙi. Akwai na tagulla mai ramuka da yawa a jere, akwai kuma wanda mazauna ƙauyukan Amurka ke sassaƙawa daga wani dutse mai taushi. In an buɗe mazubi, sai a guntule 'yar cibiyar da ta daskare a kafar zubi. Wani abin da ya faru a 1776 ya nuna yadda aikin ya kasance na cikin gida. A ranar 9 ga Yuli, bayan an karanta wa sojoji takardar shelar 'yancin Amurka a birnin New York, jama'a suka tumɓuke mutum-mutumin Sarki George na Uku, wanda aka ƙera da dalma. Aka kwashe gutsattsarinsa zuwa garin Litchfield, gidan Oliver Wolcott, inda mata da yara na gidan da na maƙwabta suka narkar da shi. Lissafin da aka ajiye ya nuna harsashi 42,088.

Bindiga da mazubinta

Al'amari ya sake sa'ad da aka fara yanka tsagogi masu murɗewa a cikin bututu, fasahar da ta ɓulla a ƙasashen Jamusawa wajen farkon ƙarni na 16. Wanda ya leƙa irin wannan bututu zai ga abu kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari, sai dai suna tafiya suna murɗewa. In dalma ta kama kunyoyin nan sai harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, ya riƙe hanyarsa. Amma fa sai ta kama. Ƙwallon da ya yi sako-sako zai wuce ta kansu kamar babu su.

Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18, musamman yankin Lancaster, sun ƙera doguwar bindiga mai siririn bututu domin mazauna daji masu tattalin dalma da albarushi. Dabarar ɗurinta ita ce a naɗe ƙwallo cikin ɗan ƙyalle ko siririyar fata da aka shafa wa kitse. Ƙyallen ne ke cike kwarin, ya kama kunya, ya kuma share dauɗa yayin da ake danna shi ƙasa. To, da hannu ake huda kowane bututu, saboda haka da wuya a sami biyu masu faɗi ɗaya. Maƙerin da ya gama bindiga sai ya ƙera mata mazubinta. Yakan yi wani ɗan magagari mai kan ƙwallo daidai awon da yake so, ya matse shi tsakanin muƙamuƙan mazubi yana juyawa har ramin ya fito. Ana sayar da bindiga tare da mazubinta, wanda kuwa ya yar da nasa a daji ya koma ɗauke da sanda mai nauyi kawai. In bututu ya tsufa kunyoyinsa suka cinye, akan kai shi a sake yanka su. Wannan yakan ƙara masa faɗi, dole kuma a ƙara wa ramin mazubi faɗi shi ma. Bindiga guda tana iya canja awon ƙwallonta sau biyu ko uku a rayuwarta.

Ayarin Lewis da Clark, wanda ya ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, ya yi wata hikima da ta cancanci ambato. An ƙera musu gwangwanaye na dalma, kowanne nauyin laba 8, aka zuba albarushi laba 4 a ciki aka liƙe. Ruwa bai taɓa albarushin ba ko da kwalekwale ya kife, in kuma gwangwani ya ƙare sai a narkar da shi a yi ƙwallaye. Laba biyu na dalma ga laba ɗaya ta albarushi shi ne kusan abin da bindigoginsu ke ci.

Sojoji da matsalar ɗuri

Abin da ya yi wa maharbi daidai bai yi wa runduna ba. Bindigar Baker da Ingila ta ba wasu zaɓaɓɓun sojojinta a 1800 tana harbi daidai, amma ɗurinta na da wuya har da farko aka haɗa wa sojoji da 'yar guduma ta katako. Wadda ta gaje ta a 1837, Brunswick, kwari biyu kawai gare ta, ƙwallonta kuma an zuba shi da ɗamara a tsakiya wadda za ta shiga kwarin. Sai dai saita ɗamara da kwari cikin hayaƙi da firgici ba ƙaramin aiki ba ne. Faransawa suka bi wata hanya. Delvigne a 1826, da Thouvenin bayansa, suka ce a jefa ƙaramin harsashi ya faɗa da sauƙi, sa'an nan a daddage shi da sandar ɗuri har ya baje ya cika bututu. Ya cika kam, amma ya tashi daga siffarsa.

Kyaftin Claude-Étienne Minié ne ya haɗa dabarun magabatansa a 1849. Harsashinsa dogo ne mai tsini, da rami a gindi. Yana shiga da sauƙi, in albarushi ya kama kuma ƙarfin iskar sai ya buɗa bakin ramin ya manne shi da kunyoyi. Wannan ya sauya aikin mazubi ƙwarai, domin yanzu sai an sa wani turke a cikinsa mai fitar da ramin, in kuwa gefen ramin ya fi kauri a ɓangare ɗaya harsashin zai karkace. Ya kuma mayar da awo abin lissafin dubu-dubu na inci. Bindigar Enfield ta 1853 faɗinta 0.577 ne, harsashinta na farko kuwa 0.568, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ratar ta yi kaɗan ga ƙasa mai zafi. A yaƙin Indiya na 1857 sojoji suka yi ta fama da harsashin da ya ƙi shiga, sai aka rage shi zuwa 0.550. Shi kansa maiƙon yana daga cikin abubuwan da suka hura wutar wannan tawaye, domin da haƙori soja ke yage takardar, labari kuwa ya bazu cewa kitsen saniya da na alade ne, abin da ya taɓa Hindu da Musulmi baki ɗaya. Daga baya aka koma ga kakin zuma.

Gwamnatoci masu masana'antu suka ga cewa zubi ba zai ba su awo ɗaya ba, suka koma ga injunan da ke matse dalma mai sanyi su fitar da harsashi, kamar waɗanda aka kafa a Woolwich. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, Arewa ta dogara da irin waɗannan injuna, Kudu kuwa akasari zubi take yi a wurare dabam-dabam, ga shi tana amfani da Enfield mai 0.577 da kuma bindigogin ganima masu 0.58. Koke-koken harsashin da ya yi girma suka yi yawa, har masanin kimiyya John W. Mallet, wanda aka ɗora bisa ɗakunan haɗa harsashin Kudu, ya ɓata lokaci mai yawa wajen neman a bi ma'auni ɗaya.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a dubi dalilin da ya sa mazubi bai sami irin wannan matsayi a ƙasar Hausa ba. Bindigogin da suka iso ta hamada da ta bakin teku, yawancinsu ƙirar Birmingham da Liège, masu sumul ɗin ciki ne, irin da aka sani da bindigar toka. Irin wannan bututu ba ya tsangwamar abin da aka ɗura masa, ko dalma ce ko guntun ƙarfe. Ko a Damagaram, inda Sarki Tanimun ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a Zinder, yawancin bindigogin hannu irin waɗannan ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta zo ta ƙarfafa wannan hali, domin ta tsaurara shigo da bindigogi masu tsaga a yankin Afirka da ke tsakanin layi na 20 a arewa da na 22 a kudu, ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙyastu marasa tsaga da albarushin kasuwa. Watau Turawa sun ja iyakarsu daidai inda awon harsashi ke fara amfani. Ba rashin dalma ba ne kuma, tun da tozalin da ake sayarwa a kasuwanni dutsen dalma ne.

Komawar zubi gida

Ana iya zaton zuwan harsashi mai kwanson tagulla zai kashe sana'ar zubi. Akasin haka aka gani a Amurka. Kwanso yana jure ɗuri sau da yawa, kuma shi ne mafi tsada a cikin harsashi. Maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870, masu manyan bindigogin Sharps, sukan tafi da sandunan dalma da mazubi a amalanke, su yi zubi da dare a sansani, wani lokaci ma su zaƙulo harsashi daga gawar dabba su sake narkarwa. Da wannan araha aka ƙarar da garkunan miliyoyi, har ƙidayar 1889 ta sami dubu ɗaya da 'yan kai kacal.

A 1884 John H. Barlow, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Winchester, ya kafa kamfanin Ideal a New Haven. Kayan aikinsa da ya yi suna wani awartaki ne da ke ɗaure harsashi a kwanso, wasu nau'o'insa da mazubi a baki da kuma wata kafa a jikin mariƙi. Wannan kafa ita ce zoben matsi a siffarsa ta farko ga mutumin gida: a tura harsashi ta ciki ya fito da awo guda. Daga baya kamfanin ya fitar da na'urar da ake ɗaurewa a tebur, wadda ke matse harsashi ta kuma cusa maiƙo cikin tsagogin jikinsa a bugu ɗaya, zobenta kuma ana iya canja shi. Kamfanin Lyman ya sayi Ideal a 1925 ya ci gaba da tsarin lambobinsa. A mazubi mai lamba 311291, alal misali, lambobi uku na farko awon harsashi ne, na ƙarshe kuma lambar magagarin da ya yanka ramin. Tsohon magagarin maƙeran Lancaster bai mutu ba, lamba kawai aka ba shi.

Me ya kawo bukatar matsi bayan zubi? Harsashin da ake sawa ta gindin bindiga, saɓanin na da, dole ya ɗan fi kwarin bututu faɗi, domin ya toshe hanya. In ya gaza, iskar wuta takan kutsa ta gefensa ta zaftare dalma ta shafe ta a bututu, bayan 'yan harbi sai saiti ya ɓaci. Ƙa'idar da masu zubi suka tsaya a kanta ita ce a ɗara kwarin da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Amma mazubi ba ya ba da awo ɗaya kullum. Dalma zalla takan tsuke sosai in ta huce. Wadda aka gauraya da kuza da antimoni takan fito da ɗan girma, da tauri, da rashin nauyi. Gaurayen da Lyman ya yi wa lamba 2, kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni, an tsara shi ne domin a sami abin da za a auna mazubi da shi. Bututun ma ba ya cika alkawarin da aka rubuta a jikinsa. Bindigar Lee-Enfield mai lamba 303, wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, awonta a takarda 0.311 ne, amma an sha samun waɗanda suka kai 0.314. Saboda haka mai zubi na ƙwarai yakan fara da tura curin dalma mai taushi ta cikin bututu ya auna shi, kafin ya sayi mazubi ko zobe. Zobe ragewa kawai yake yi, ba ya ƙarawa, in kuma aka sa shi rage da yawa sai ya murje tsagogin maiƙo ya karkatar da harsashi. Mazubin da ya yi nesa da awon bututu babu zoben da zai gyara shi.

Tsawon harsashi ma bututu ne ke yanke shi. Farfesa Greenhill na makarantar soja ta Woolwich ya tsara ƙa'idar a 1879, cewa gwargwadon tsawon harsashi gwargwadon tsananin murɗin da yake bukata. Tsohuwar bindigar ƙwallo takan yi juyi ɗaya a inci 48 ko fiye, ta sojan ƙarni na 20 kuwa a inci 10. Wanda ya sayi mazubin dogon harsashi domin bututu mai sassaucin murɗi zai ga harsashinsa yana isa a kwance.

Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya haɗa a Faransa a 1884, ya kawo gudun da dalma tsirara ba ta iya jurewa, sojoji suka koma ga harsashi mai rigar jan ƙarfe, wanda sai masana'anta. Amsar Barlow, wajen 1906, ita ce ɗan ƙofato na jan ƙarfe da ake ƙwama wa gindin harsashi, zoben matsi ne kuma ke ɗaure shi. Daga nan mazubai suka rabu biyu, masu gindi cikakke domin ɗuri mai sauƙi, da masu ɗan tsukakken gindi domin ƙofato.

Ba kowa ya yarda da matsi ba. Gwanayen gasar harbi daga yadi 200 a ƙarshen ƙarni na 19 sun ɗauke shi a matsayin ɓarna. Harry Pope, mashahurin mai yanka bututu, yakan sayar da bututunsa tare da mazubin da ya dace da shi da wani bakin aro da ake ɗorawa a kai, a tura harsashi ta gaba yadda ya fito daga mazubi, kwanso da albarushi kuwa ta baya. Dalilinsa shi ne harsashin da aka tura ta gaba gindinsa yakan tsira lafiya. Likita Franklin W. Mann ya tabbatar da muhimmancin wannan a littafinsa na 1909, bayan shekaru yana gwaji: lahani a gindin harsashi ya fi lahani a kansa kauce wa saiti. Hujjarsu mai ƙarfi ce, amma hanyarsu ta mai bindiga guda ce da maƙeri guda da lokaci mai yawa. Ga talakan mai zubi, wanda ya sayi bututu daga wani kamfani, mazubi daga wani, dalma kuma daga bola, zobe ne kaɗai ke sasanta su.

Abin da ya biyo baya galibi na kayan ƙira ne. Mazubin baƙin ƙarfe yana daɗewa kafin ya ɗau zafi amma yana riƙe shi, ga ƙarko, sai dai tsatsa. Na tagulla ba ya tsatsa amma yana gajiyar da hannu. Na alminiyam, wanda kamfanin Lee ya yaɗa, ba shi da nauyi ko tsada, sai dai saurin hucewa da saurin rauni. Ita kuwa dalmar, a tsakiyar ƙarni na 20 masu zubi sun dogara da tushe biyu: ƙarfen baƙaƙen ɗab'i na injin Linotype, mai kashi 12 na antimoni da 4 na kuza, da kuma 'yan nauyin da ake maƙala wa ƙafafun mota domin daidaita su. Na farko ya tafi da tafiyar tsohon ɗab'i. Na biyu kuma sanin illar dalma ga jini da ƙwaƙwalwar yara ya ci shi, Tarayyar Turai ta hana shi a 2005, wasu jihohin Amurka suka bi. A watan Disamba na 2013 aka rufe matatar Herculaneum ta jihar Missouri, ta ƙarshe a Amurka mai fitar da dalma daga dutse, daga 1 ga Yuli 2019 kuma jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma kowane iri.